Sayen Fulat a Landan da Iyakar Shekara 80

Dillalan gidaje na Ingila sun daɗe da gane cewa akwai kasuwa a Nijeriya. Suna tallata fulat-fulat na Landan da sauran manyan birane ga attajirai da manyan ma'aikata da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a can, ga hotuna masu ɗaukar ido, ga lissafin kuɗin hayar da za a riƙa karɓa duk wata. A can ƙasan tallar, cikin ƙananan baƙaƙe, akan sami wani layi da ke cewa saura shekara 83, ko 96, ko 240. Da yawa daga cikin masu saye daga wajenmu ba sa tsayawa a kan wannan layi, alhali kuwa shi ya kamata a fara karantawa kafin a dubi faɗin falo ko kusancin gidan da tashar jirgin ƙasa, domin shi ne yake faɗin ainihin abin da aka kasa a faifai.

Bahaushe ya san bambancin saye da jingina da aro da haya, kuma ba ya haɗa su a magana ɗaya. A Ingila da yankin Wales akwai wani abu da ya faɗa tsakanin saye da haya. Riƙon gida a can iri biyu ne. Na farko shi suke kira firihol, wato mutum ya mallaki ƙasa da ginin da ke kanta har abada, magada su gada. Na biyu shi ne lisihol, wanda ke nufin an sayar wa mutum da haƙƙin zama na wasu shekaru ƙidayayyu, galibi 99 ko 125, wani lokaci 999, ya biya kuɗin tashi ɗaya kamar mai sayen gida, amma ƙasar da gangar jikin ginin suna hannun wani. Kusan duk wani fulat da ke cikin bene a kan wannan tsari na biyu yake. Ƙididdigar gwamnatin Birtaniya ta nuna cewa gidajen da ke kan irin wannan wa'adi sun kusa miliyan 5 a Ingila, wato kimanin gida ɗaya cikin biyar, a Landan kuwa sun haura ɗaya cikin uku.

Abin da ke rikita baƙo shi ne cewa wa'adin ba ya komawa farko idan gida ya canja hannu. Fulat ɗin da aka bayar a kan shekara 99 a 1985 wa'adinsa zai cika a 2084, ko da mutum goma suka saye shi suka sayar a tsakani. Wanda ya saye shi a 2025 shekara 59 ya saya. Ranar da wa'adi ya cika, gidan ya koma hannun mai ƙasa ba tare da ya biya ko sisi ba, iyakar abin da doka ta tanadar wa mazaunin shi ne ya ci gaba da zama a matsayin ɗan haya bisa farashin kasuwa. Kafin zuwan wannan rana kuma, shi ke biyan kuɗin ƙasa duk shekara, shi ke biyan kuɗin hidimar gini, in rufi ya yi yoyo ko na'urar hawa bene ta lalace daga aljihunsa da na maƙwabtansa za a gyara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har ma dokar ta bai wa mai ƙasa damar neman kotu ta ƙwace wa'adin ɗungurungum idan bashin da ake bin mazauni ya haura fam 350. Ba kasafai abin yake kaiwa can ba, amma barazanar kaɗai takan isa ta rufe bakin mai ƙorafi.

Tushen wannan tsari yana cikin yadda aka gina Landan. A 1677 Sir Thomas Grosvenor ya auri wata yarinya magajiya mai suna Mary Davies, wadda ta zo masa da wajen eka 500 na fadama da makiyaya a yammacin birnin. A kan wannan fili unguwannin Mayfair da Belgravia suke a yau. Zuriyar ba ta sayar da filin ba. Ta riƙa bai wa magina wa'adi mai tsawo, su gina da kuɗinsu, su ci moriya, in shekarun sun cika fili da gini su dawo gida. Haka zuriyar Cadogan ta yi a Chelsea, unguwar da matasanmu suka fi sani ta hanyar ƙwallon ƙafa. Dabara ce ta mai dogon numfashi, wanda ke lissafi da jikoki da tattaɓa-kunne, kuma ita ce ta sa waɗannan gidaje suke cikin mafiya arzikin Birtaniya har gobe.

Majalisar dokoki ba ta taɓa wannan gado da gaske ba sai a 1967, zamanin gwamnatin Harold Wilson, lokacin da wa'adin shekara 99 na gidajen ma'aikata da aka gina a ƙarni na 19, musamman a garuruwan haƙar kwal na kudancin Wales, ya fara cika a kan tsofaffin da aka haifa a cikinsu. Dokar ta ba masu gidajen da ke tsaye da kansu damar tilasta wa mai ƙasa ya sayar masu da filin. Amintattun dukiyar Duke na Westminster, wato shugaban zuriyar Grosvenor, suka kai ƙara har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, suna cewa an ƙwace masu dukiya. A 1986 kotun ta yi watsi da ƙarar, ta ce ƙasa na da hurumin karɓar dukiya daga hannun wani ta miƙa wa wani idan manufar ita ce gyara rashin adalci a cikin al'umma. Masu fulat sai da suka jira har 1993 kafin tasu dokar ta zo, kuma a kanta ne Duke na wancan lokaci ya fice daga jam'iyyar masu ra'ayin riƙau don fushi.

Dokar 1993 ita ce har yanzu ake aiki da ita wajen tsawaita wa'adin fulat. Ta ce duk wanda ke riƙe da wa'adin da tun asali ya haura shekara 21 yana da haƙƙin a ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, kuma a mayar da kuɗin ƙasa zuwa ƙwayar masoro guda. Wannan magana ta masoro tsohuwar al'adar lauyoyin Ingila ce: yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai an ambaci abin biya, don haka ake ambaton abin da ba wanda zai zo karɓa. Mai ƙasa ba shi da ikon cewa a'a. Abin da yake da shi kawai shi ne haƙƙin a biya shi diyya, kuma a wajen lissafin diyyar nan ne duk rigimar take.

Kashi uku ake haɗawa. Na farko shi ne kuɗin ƙasar da zai daina karɓa. Na biyu shi ne jinkirin da aka jawo masa, tun da gidan da zai dawo hannunsa bayan shekara 82, alal misali, yanzu sai bayan 172. Don a san darajar wannan jira a kuɗin yau, ana rage ƙimar gidan da kashi 5 cikin ɗari a kowace shekara, ma'aunin da kotun sha'anin filaye ta tsayar a 2006 a shari'ar da aka fi sani da sunan Sportelli. Kashi na uku shi ne wanda suka laƙaba wa suna mai ban dariya, ribar aure. Hujjar ita ce, idan aka haɗa darajar guntun wa'adin da ke hannun mazauni da darajar abin da ke hannun mai ƙasa, jimillar ba ta kai darajar gidan bayan an tsawaita wa'adi ba. Rarar da ta fito daga wannan haɗi ita ce ribar auren, kuma rabinta na mai ƙasa ne. Sai dai wata doka ta 2002 ta ce muddin abin da ya rage ya haura shekara 80, to a ɗauki ribar auren a matsayin babu.

Bari mu buga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin fahimta. A ɗauka fulat ne da zai yi fam 400,000 in yana da dogon wa'adi, kuɗin ƙasarsa fam 100 a shekara, saura shekara 82. Darajar jiran mai ƙasa a kuɗin yau ta kama wajen fam 7,300, kuɗin ƙasar da zai rasa wajen fam 1,600, gaba ɗaya dai abin bai wuce fam 9,000 ba. To a ce mai gidan ya yi sakaci har shekara huɗu suka wuce, ya zama saura 78. Waɗancan kashi biyu sun ɗan hau zuwa fam 10,500, wanda ba wani abin tayar da hankali ba ne. Amma yanzu ribar aure ta shigo. Idan masu ƙimanta gidaje suka ce da wannan guntun wa'adi fulat ɗin fam 360,000 zai yi, rarar ta zama fam 29,500, rabinta fam 14,750. Abin da zai biya ya tashi daga 9,000 zuwa sama da 25,000, ba don an ƙara ɗaki ko an sauya tagogi ba, sai don kalanda ta juya. Idan aka bari har ya zama saura 60, lissafi irin wannan yakan haura fam 50,000. Kuma tun kafin a kai nan bankuna da dama sun daina ba da lamunin sayen irin wannan gida, wanda ke nufin in mai shi ya tashi sayarwa ba zai sami kowa ba sai masu tsabar kuɗi a hannu, su kuwa sun san yana cikin matsi.

Hanyar neman tsawaitawar a rubuce take, kuma ba ta yafe kuskure. Mai fulat zai ɗauki masanin ƙimanta gidaje da lauyan da ya saba da wannan fanni, a aika wa mai ƙasa takardar sanarwa a ƙarƙashin sashe na 42, a faɗi kuɗin da ake tayawa. Ranar da takardar ta isa ita ce ranar da ake tsayar da agogo, saboda haka wanda ke da saura shekara 80 da mako guda zai iya tsira in lauyansa ya yi hanzari. Mai ƙasa yana da aƙalla wata biyu ya mayar da amsa da nasa farashin, yana kuma iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin ɗari. Daga nan sai ciniki. In ba a daidaita ba, dole a shigar da magana gaban kotun musamman ta sha'anin gidaje kafin wata shida su cika daga ranar amsar, in aka kuskure kuwa doka za ta ɗauka an janye, sai an jira shekara guda kafin a sake, ga kuma kuɗin lauyan mai ƙasa da na mai ƙimarsa, waɗanda dama a wuyan mai nema suke ko an yi nasara. A da sai mutum ya shekara biyu da mallakar fulat kafin ya nema, amma an soke wannan sharaɗi daga 31 ga Janairun 2025.

Akwai kuma hanyar sulhu, inda mai ƙasa zai ce a bar lauyoyi, a yi ta ruwan sanyi. Wani lokaci takan fi sauri da araha. Sai dai ba abin da ya ɗaure shi a cikinta: yana iya ba da shekarun da ba su kai 90 ba, ya cusa sababbin sharuɗɗa, ko ya yi ta jan ƙafa da wasiƙu masu daɗin karantawa har iyakar 80 ta wuce, sannan ya ce ya sake shawara. Ni a ganina, duk wanda ya rage masa ƙasa da shekara 83 bai kamata ya shiga wannan ciniki ba sai takardar sashe na 42 tana shirye a teburin lauyansa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwar masu hannu da shuni ce kaɗai. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar sayen inda suke zaune, kuma fulat-fulat ɗin galibi a kan shekara 125 aka sayar da su. Wanda aka sayar a 1982 zai taka iyakar 80 a 2027. Irin waɗannan benaye sun cika unguwanni kamar Peckham, inda 'yan Nijeriya suke da yawa, kuma masu su direbobi ne da ma'aikatan jinya da 'yan fansho waɗanda ba su da wata kadara bayan ita. Wani kuma ya rasu ya bar wa iyali fulat, magada suna Kano ko Kaduna suna karɓar kuɗin haya ta hannun wakili, ana murna da gadon da ke kawo fam duk wata, ba wanda ya taɓa buɗe takardar ya ƙirga abin da ya rage. Gona in an bar ta tana nan, ko ta yi saura ta huta. Wannan kadara kuwa kullum raguwa take, ko ana zaune a ciki ko an kulle.

'Yan siyasar Birtaniya sun yi shekaru suna alƙawarin kawo ƙarshen tsarin. Abin da ya ƙara tunzura jama'a shi ne gano cewa wasu kamfanonin gine-gine sun sayar da sababbin gidaje da sharaɗin kuɗin ƙasa ya riƙa ninkawa duk shekara goma, har kamfanin Taylor Wimpey ya ware fam miliyan 130 a 2017 don warware wa abokan cinikinsa matsalar. A 2022 aka hana sanya kuɗin ƙasa a sababbin yarjejeniyoyi. A ranar 24 ga Mayun 2024 kuma, ana dab da rushe majalisa don zaɓe, aka zartar da babbar dokar gyara cikin gaggawa. Ta ce ƙarin wa'adi zai zama shekara 990 maimakon 90, ta kuma soke ribar aure gaba ɗaya. Manyan masu ƙasa, ciki har da Grosvenor da Cadogan, suka sake garzayawa kotu da irin hujjar da ta faɗi a 1986, Babbar Kotu ta yi watsi da ƙararsu a Oktoban 2025. Duk da haka, har zuwa rubuta wannan maƙala sassan dokar da suka shafi lissafin diyya ba su fara aiki ba, domin sai minista ya fitar da sababbin ma'aunai.

Hujjar masu ƙasa ba ta wofi ba ce ɗungum. Cikin masu riƙe da irin wannan kadara akwai asusun fansho da gidauniyoyin agaji, kuma gaskiya ne cewa waɗanda za su fi cin moriyar soke ribar aure su ne masu tsadaddun fulat na tsakiyar Landan, da yawansu 'yan kasuwa ne da suka sayi guntun wa'adi da araha da idonsu buɗe. Amma wannan bai sa ribar auren ta zama adalci ba. Faɗuwar darajar gidan daga tsarin kansa ta fito. Mai ƙasa an riga an biya shi kuɗin ƙasarsa da ladan jiransa a kashi biyun farko. Kashi na uku kuɗin kwance igiya ne da ake biyan wanda ya ɗaura ta.

Ga mai fulat dai, tambayar yau ita ce ya jira ko ya biya. Wanda wa'adinsa ya riga ya faɗa ƙasa da 80 sosai, kuma ba ya shirin sayarwa ko neman lamuni, yana da dalilin jira, ko da yake kowace shekara tana ƙara masa nauyi idan abin ya zama jiran gawon shanu. Wanda yake da 81 ko 82 kuwa ba shi da abin da zai samu a jira sai shekarun da jikokin jikokinsa ma ba za su gani ba, yana kuma da abin da zai rasa. Ba ribar aure a kansa yanzu, sannan ba wanda ya yi masa alƙawarin cewa sabon ma'aunin zai tsaya a kashi 5. In aka sauke shi zuwa 4, wancan fam 7,300 na misalinmu zai koma sama da 16,000.

Da wuya mutum ya bi wannan labari bai waiwayo gida ba, domin mu ma a kan wa'adi muke zaune. Dokar Amfani da Ƙasa da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ɗauko salonta ne daga dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Sashe na 8 ya ce haƙƙin riƙon fili da gwamna ke bayarwa na ƙayyadadden lokaci ne, al'ada kuma ta tsaya a kan shekara 99 ga filin zama. Satifiket ɗin da muke adanawa a ƙasan akwati muna kiransa takardar mallaka yana ɗauke da ranar farawa, da adadin shekaru, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Waɗanda suka ɗauki wannan kuɗi da wasa sun ga abin da ya faru a Abuja a 2025, lokacin da hukumar birnin ta soke dubban takardu saboda tarin bashinsa. Masu sayen fulat a sababbin benayen Abuja da Legas kuma sau da yawa takardarsu reshe ce daga satifiket guda na wanda aka fara bai wa filin, agogonsu ya soma tafiya tun kafin a haƙa harsashi.

Bambancin shi ne mai ƙasarmu gwamna ne, wanda ke neman ƙuri'a, don haka da wuya a wayi gari a kori unguwa guda saboda wa'adi ya cika. Amma ɗan Landan, duk da tsadar da yake kuka da ita, yana da haƙƙin da aka rubuta, da hanyar lissafi, da kotun da zai je. Dokarmu ba ta shimfiɗa yadda za a sabunta ba, ba ta faɗi abin da za a biya ba, ta bar komai ga wanda ke kan kujera a ranar. Gyara ta kuma ba ƙaramin aiki ba ne, tun da sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kulle ta, sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24. Abin da ya fi kusa shi ne hukumomin filaye na jihohi irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna su buga ƙa'idar sabuntawa da farashinta a fili, a kuma ba mai satifiket damar sabuntawa tun wa'adi bai ƙure ba. Satifiket ɗin da aka sa wa hannu a 1980 ya riga ya cinye shekara 45 a 2025, saura 54, adadin da yawancin bankunan Landan ba za su karɓa a matsayin jingina ba.